Yadda gari zai tsara amfani da fadamarsa a yankin Logon

Hekta ɗaya a fadamar kogin Logon da ke arewacin Kamaru a iyakar Chadi, wadda Fulani ke kira yayre, takan ciyar da gida uku ko huɗu a shekara, kowa da lokacinsa. A watan Oktoba ruwa ya rufe ta, kifi na girma a cikin ciyawa. Daga Nuwamba ruwa na janyewa, masunta na tare shi a hanya. Daga ƙarshen Disamba shanu ne a wurin har zuwa ruwan farko na Yuni, a gefen da ƙasa ta ɗan tashi kuma masakwa, wato dawar rani, ce ke nuna. Saboda haka duk tsarin da gari zai yi wa irin wannan ƙasa sai ya amsa tambaya biyu a lokaci guda: wa zai yi me a ina, kuma daga wace rana zuwa wace rana. Yawancin yarjejeniyoyin da suka mutu a cikin durowa sun amsa ta farko ne suka manta ta biyu.

Tarihin wurin da kansa ya isa gargaɗi. A 1979 aka gina madatsar Maga da shingen ƙasa a bakin Logon domin noman shinkafar kamfanin gwamnati mai suna SEMRY, abin ya haɗu da farin shekarun 1980, ambaliya ta daina kai wa yanki mai faɗi. Ciyawa mai dawwama irin su burgu da shinkafar daji ta mutu a wurare da yawa, ciyawar damina wadda ba ta tsiro bayan an ƙone ta ta maye gurbinta, kifi ya ragu, maraya, wata dabbar daji mai kama da barewa, ta ragu a gandun dajin Waza. A 1994 shirin Waza-Logon, da hannun ƙungiyar kare muhalli ta duniya IUCN, ya buɗe wata hanyar ruwa da shingen ya toshe, ruwa ya sake malala a kusan murabba'in kilomita 200. Ciyawa ta dawo cikin 'yan shekaru, tsuntsayen ruwa suka ƙaru, amma shanu da masunta ma suka kwararo. Ruwa shi kaɗai bai raba gardama ba. A Agusta da Disamba na 2021 rikicin masunta Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa a yankin Logon-Birni ya ci rayuka, dubban mutane suka tsallaka Chadi, kuma cikin abin da ya tayar da shi har da ramukan tara kifi da shanu ke faɗawa.

Wa za a kira, kuma yaushe

A fara da iyakar ruwa, a bar iyakar gari tukuna. Duk ƙauyukan da ke shan ambaliya ta bakin rafi ɗaya su ne jama'ar tsari ɗaya, domin wanda ke sama idan ya toshe ko ya haƙa, na ƙasa ne zai ji a jikinsa. Ƙauye biyar zuwa goma shi ne gwargwadon da taro ke iya ɗauka. In sun fi haka a raba gida biyu, a haɗa wakilai daga baya.

Lokacin taro Janairu ne zuwa Fabrairu. A lokacin makiyaya masu zuwa cin rani sun sauka, masunta baƙi ba su gama tafiya ba, hanya ta bushe. Taron da aka yi da damina taron mazauna gari ne kawai, kuma makiyayin da ya zo a Disamba ya tarar an yanke hukunci a bayansa ba zai ga dalilin binsa ba.

Kafin taron gaba ɗaya a bi manya gida gida bisa tsarinsu: bulama ko jauro, sai lawan, sai sarki ko lamiɗo, sai magajin gari da sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma. A ruga a nemi arɗo, a kuma tambaya ko shanun nasa ne ko na wani attajiri ne a Marwa ko Kuseri, saboda yaron kiwo ba ya iya ɗaukar alkawarin da maigidansa bai sani ba. A garuruwan Kotoko tun dā akwai gidajen da ke da ikon buɗe kamun kifi a tafkuna, a nemo su ko da ikon ya yi rauni. 'Yan kasuwar banda, Hausawa da Barebari, su ma a sa su ciki, tunda su ke ba masunta bashin raga, kuma wanda ake bi bashi yakan karya doka don ya biya. Mata a yi musu zama nasu daban da mace mai rubutawa. Su ne ke ƙyafe kifi, su ke saran itacen ƙyafewa, su ke yankan ciyawar zana da tsintar shinkafar daji, kuma a gaban surukai ba za su buɗe baki ba.

A zaman farko kada a kawo maganar doka ko tara. Tambaya ɗaya ake yi: me kowa ke samu a fadamar nan, a wane wata, kuma me ya canza.

Sandar awon ruwa

Kafin a ja layi ko ɗaya ana bukatar sanin halin ruwan wurin, kuma wannan aiki ne mai arha. A sami ƙarfe mai kusurwa ko bututun ƙarfe mai tsawon mita 3, a yi masa fenti ja da fari, kowane zobe santimita 10, a binne santimita 80 cikin siminti. Ana kafa uku: ɗaya a bakin da ruwa ke shigowa, ɗaya a tsakiyar fili, ɗaya a tafki mafi zurfi. Itace ba ya yi, gara na ci, masu neman makamashi na cirewa.

Mutum biyu ne ke karantawa kowace Juma'a, su rubuta a littafi ɗaya. Abin da ake nema shi ne ranar da ruwa ya iso, tsayin da ya kai da ranar da ya kai shi, da ranar da ƙasa ta bayyana a gindin sandar. A haɗa da abin da tsofaffi suka sani: a je da su su nuna inda ruwan 2012 ya tsaya, da na 2022, da na 2024, da inda ya tsaya a shekarun fari. Tabon ruwa a jikin itatuwa da ciyawar da ke wurin shaidu ne. Inda burgu yake, ruwa na daɗewa kuma yana da zurfi. Inda jema take, yana zuwa ya tafi da wuri. Inda dushe ya fara cika fili, ruwa ya daina zuwa sosai.

Amfanin sandar shi ne ta raba mutane da gardamar kwanan wata. Idan aka rubuta cewa shanu za su shiga ranar 15 ga Disamba, shekarar babban ruwa za su shiga cikin taɓo su tattake ciyawa, shekarar ƙaramin ruwa kuma su tsaya a bakin fili suna kallon ciyawa na bushewa. Idan aka ce za su shiga mako biyu bayan gindin sandar tsakiya ya bayyana, dokar na bin shekara yadda ta zo.

Taswira

A zana ta a ƙasa tukuna, a fili, da toka da duwatsu da kara, kowane rukuni ya zana tasa: masunta, makiyaya, manoma, mata. Sai a ɗauki hoto, a kwafe a babbar takarda. Inda taswirori biyu suka hau kan juna, nan ne aikin yake. A sa musu alama ja, ba za su wuce wuri goma ko sha biyar ba, kuma kusan kullum mashaya ne, ko bakin kanal, wato hanyar ruwa da masunta ke haƙawa, ko inda gonar masakwa ta ci burtali.

Bayan haka a taka wuraren da ƙafa. Tawaga ta mutum shida zuwa takwas, kowane rukuni da wakili, da wayar hannu mai GPS. Wayar kan yi kuskuren mita 3 zuwa 5, wanda ya isa ga tafki da wurin kiwo, amma bai isa ga iyakar gona ba, a nan igiya mai awon mita 50 ake ja. Kowane wuri a rubuta sunansa da duk harsunan da ake kiransa, domin tafki ɗaya yakan zama da suna a Kotoko, wani a Larabci, wani a Fillanci, kuma an sha sa hannu a takarda kowa na nufin wani wuri daban.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta sunayen masu filaye a taswirar. Da zarar suna ya hau takarda, mutane sun ɗauke ta takardar mallaka, kowa ya fara faɗaɗa nasa, wanda aka ba aro ya ji za a kore shi. A rubuta amfani kawai: kiwo, masakwa, shinkafa, kamun kifi, hutu.

Kanal, inda maganar ta fi zafi

Masunta na haƙa hanyar ruwa da hannu daga kwari zuwa rafi, su ɗaura raga a bakinta, idan ambaliya ta fara janyewa kifin da ya yi ƙiba a ciyawa ya biyo ta ya faɗa. Dabara ce mai kyau, kuma kanal dukiya ce da ake gada ake sayarwa. Matsalar yawa ce. Yau akwai dubbansu a fadamar, kowace tana zuƙe ruwa da wuri, tana kama ƙananan kifin da ya kamata ya koma Logon ya girma, kuma da rani ta zama rami a kan hanyar shanu. Garke ya tsallaka, gefen ya rufta, mai kanal ya nemi diyya, ko saniya ta karye, mai shanu ya nemi tasa.

Kada a fara da maganar cikewa. Duk taron da ya buɗe da cewa za a rufe kanal ya watse tun kafin azahar. Matakin farko ƙidaya ce: kowace kanal a ba ta lamba, a rubuta tsawonta, faɗinta, zurfinta a baki, da kwarin da take zuƙa. Na biyu a tsayar da haƙa sababbi na shekara uku, a kuma hana ƙara wa tsofaffi tsawo. Wannan masu kanal da kansu sukan goyi bayansa, don kowace sabuwa rage musu kamu take yi.

Na uku mahaye. Duk inda kanal ta gitta burtali ko hanyar mashaya, a kwantar da gefenta biyu a faɗin mita 15 zuwa 20, gangaren ya zama mai sauƙi, misali mita 4 na tafiya ga kowace mita 1 ta zurfi. Mai kanal ne ke yin aikin da zarar kamu ya ƙare, makiyaya kuma su ɗauki alkawarin bi ta nan kaɗai. Garken da ya bi ta mahayi ba ya biyan komai ko gefen ya zube. Wanda ya bar mahayi ya keta ta wani wuri shi ke gyara. Wannan ƙa'ida guda ta fi rage faɗa fiye da duk sauran.

Na huɗu kanal da ke zuƙe tafkin da aka keɓe don kifi ya huta. Ita kam sai an yi mata madatsi na ƙasa a bakin tafkin, a tsayin da zai bar ruwan da ake so ya kwana. Mai ita zai yi asara, saboda haka a ba shi wani abu a fili, kamar kaso na musamman ranar buɗe tafkuna. In ba a biya shi ba, zai fasa madatsin da dare, kuma kowa zai san shi ne amma ba mai faɗa.

Idon raga a auna shi da yatsa kamar yadda masunta ke yi. Abin da bai kai yatsa biyu ba a bakin kanal a hana, gidan sauro da maganin ƙwari a hana su ɗungurungum. Dumba, wato jerin tarkon kifi na gura da ke tare rafi daga gaɓa zuwa gaɓa, a bar mata ƙofa a tsakiya, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na faɗin ruwan.

Tafkin hutu

Kifin da zai hayayyafa a ambaliya mai zuwa a rafi da tafkuna masu zurfi yake cin rani. Gaiwa na iya binne kanta a laka ta jira damina, tarwaɗa na jure ruwa kaɗan, amma karfasa da bargi sai da ruwa. Don haka cikin kowane tafki huɗu ko biyar a keɓe ɗaya da ba a taɓa shi har sabon ruwa ya shigo.

Zaɓensa lissafi ne. Da bazara rana da iska na shanye wajen milimita 7 ko fiye na ruwa a kullum, wato santimita 20 zuwa 25 a wata. Daga Janairu zuwa ƙarshen Mayu an rasa fiye da mita ɗaya. Tafkin da bai kai mita ɗaya da rabi ba a Janairu zai ƙafe ko ya zama kunun laka kafin Yuni, kifin ya mutu a banza, mutane su ce ga abin da hutun ya jawo. Irin wannan gara a buɗe shi a Maris a yi kamun gayya.

Masunta sukan ce shanu ne ke shanye tafki. Lissafi bai goyi bayansu ba. Saniya na shan wajen lita 30 a rana, garken 500 ke nan lita 15,000. Tafki mai faɗin hekta ɗaya kuwa rana na ɗauke masa lita 70,000 a wannan yinin. Ɓarnar shanu a ƙafarsu take: suna dama ruwa, suna rusa gaɓa, suna tattake ciyawar baki inda ƙananan kifi ke fakewa. Maganin shi ne mashaya guda a gefe ɗaya, faɗin mita 30 zuwa 50, a wurin da ƙasa ke da tauri, sauran gaɓar a bar ta. Hana makiyayi ruwa gaba ɗaya ba ya yiwuwa kuma bai kamata ba.

Tafkin hutu shi ne kuma matattarar tsuntsaye: dinya, kirinjijiya, zalɓe, kwasakwasa, da agwagin da ke zuwa daga Turai su yi hunturu. Gauraka na yin sheƙa a ciyawar ruwa da damina, kuma kama 'ya'yanta don sayarwa ya rage ta ƙwarai. Dokar gari a nan gajera ce: ba harbi a bakin tafkin hutu, ba ɗibar ƙwai, ba saran itacen da tsuntsaye ke sheƙa a kai. Yawan tsuntsayen nan na cikin dalilan da suka sa aka sanya fadamar Waza-Logon cikin jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya a 2006. Cikin gandun Waza kuwa, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,700, ba hurumin gari ba ne, dokar gwamnati ce ke aiki. Ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi ya gayyaci shugaban gandun tun zaman farko, a kuma guji sa zangon shanu daf da iyaka, don zaki na fitowa.

Burtali

Faɗin mita 50 shi ne mafi ƙanƙanta a tsakanin gonaki, a kai shi mita 100 idan an doshi mashaya, inda garkuna ke haɗuwa suna turereniya. Kowane kilomita 10 zuwa 15 a bar zango na kwana. Burtalin da ya tsaya a iyakar ƙauye ba shi da amfani, sai an tabbatar maƙwabta sun karɓe shi a daidai inda ya fita.

Alama ta siminti ce: santimita 15 a kan 15, tsawon mita ɗaya da rabi, da rodi a ciki. Buhun siminti mai kilo 50 na fitar da guda huɗu. Ana kafa su biyu biyu suna fuskantar juna kowace mita 200, a kwana kuma kowace mita 50, wato wajen guda 10 a kilomita idan hanya miƙaƙƙiya ce. Baƙar ƙasar karal na kumbura da damina ta tsage da rani, tana tura duk abin da aka dasa sama-sama, shi ya sa ake binne santimita 70 a yi wa gindin faffaɗar ƙafa. Tsakanin alamomi a dasa jema a layi, saiwarta na da zurfi, tana jure ruwa da wuta, ba a tuge ta cikin dare ɗaya.

Gonar da ta riga ta shiga burtali a ba mai ita girbi ɗaya ya kwashe, a nuna masa wani fili. Masakwa ana dasa ta ne wajen Oktoba a girbe ta Janairu zuwa Fabrairu, daidai lokacin da shanu ke saukowa, don haka a rubuta ranar sakin kara a yarjejeniya, a yi shela a kasuwa, kowa ya san daga ran nan gona ta zama wurin kiwo.

Wuta da ciyawa

Makiyaya na ƙone tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro. Idan an yi shi makonni kaɗan bayan janyewar ruwa, ƙasa na da danshi, toho na fitowa da kyau. Wutar Maris da Afrilu ba ta haifar da komai, tana cin ciyawar da ta rage, tana kama rumbuna. A raba filin kiwo gida uku ko huɗu, a ƙone bi da bi da tazarar mako biyu, da sassafe ko da yamma lis, bayan masu zana da jinka sun yanki nasu. A share gefen gari da gefen gonakin masakwa faɗin mita 10 kafin a kunna.

Inda burgu ya ɓace alhali ruwa na zuwa, ana iya mayar da shi. A yanko karansa mai gaɓa uku ko huɗu, a dasa a laka yayin da ruwa ke fara shigowa, gaɓa biyu a ƙasa, kan a sama da ruwa, tazarar mita ɗaya, wato dashe 10,000 a hekta. A fara da rabin hekta. Abu biyu ke kashe shi: ruwa ya hau da sauri ya nutsar da dashen kafin ya kama, ko a saki dabbobi a kansa a shekarar farko su tuge shi da saiwa.

Itacen ƙyafe kifi shi ke cinye bagaruwa da giyayya a bakin rafuka. A bar mita 30 daga gaɓa ba sara, sauran wurin a yi sassabe reshe reshe, kada a kayar da uwa.

Takarda da hukuma

A Kamaru dokar ƙasa ta 1974 ta sa duk filin da ba shi da takardar mallaka ƙarƙashin kulawar gwamnati, saboda haka yarjejeniyar gari ba ta ba kowa mallaka, tsara amfani kawai take yi. Ƙarfinta na zuwa ne daga wanda ya sa mata hannu. Dokar 1978 kan rikicin manoma da makiyaya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin sufurefe mai ikon ware wurin noma da wurin kiwo, don haka burtali da wuraren kiwo a kai su gabansa ya tabbatar. Dokar tsara ƙasa ta 2011 kuma ta tanadi tsari a matakin komin, wato ƙaramar hukuma, a nemi majalisar komin ta amince da yarjejeniyar a zamanta, ta shigar da ita cikin tsarinta. A gefen Chadi hanyar kusan ɗaya ce: sarkin kanto, wato hakimi, sufurefe, da ma'aikatan da ke aiki da dokar 2008 ta daji da namun daji da kifi. Ma'aikatan kiwo da na kifi su karanta daftarin kafin a sa hannu, domin doka ta gari ba ta iya halatta abin da dokar ƙasa ta hana.

Yarjejeniyar kada ta wuce shafi huɗu da ƙa'ida goma sha biyar. A rubuta da Faransanci don ofis, a karanta ta da babbar murya da Larabcin Shuwa, Fillanci, Musgum, Kotoko da Hausa, a naɗi karatun a waya a rarraba ta WhatsApp, saboda yawancin waɗanda za ta hau kansu ba za su taɓa riƙe takardar ba. Taswirar a yi kwafi mai rufin roba, ɗaya a gidan bulama, ɗaya a komin, ɗaya a hannun arɗo.

Kwamitin sa ido mutum tara zuwa sha ɗaya ya isa, da kujera biyu na makiyaya masu zuwa da tafiya, biyu na mata, wa'adin shekara biyu. Wanda ya kama mai laifi kada ya zama shi ke yanke tara, kuma kada ya zama shi ke riƙe kuɗin. Tara ta hau mataki mataki: gargaɗi a gaban shaidu, sai gyaran abin da aka ɓata, sai kuɗi da rasit. Kuɗin ya zama wanda talaka ke iya biya, jaka biyar ko goma, domin tara mai nauyi ba a biyanta, sasantawa ake yi a bayan gida. Kwamiti ba ya ƙwace dabba, ba ya tsare mutum, abin da ya fi ƙarfinsa ya miƙa wa sarki ko sufurefe. Ɓarnar gona a je a gani cikin kwana biyu, da wakilin kowane ɓangare, kafin sawu ya ɓace. Ranar da aka kama ɗan bulama ko shanun wani babba, a nan jama'a za su gane ko dokar ta kowa ce, kuma idan aka kau da kai sau ɗaya ba mai sake biyan tara.

Zama biyu ake yi a shekara. Na Nuwamba a duba sandar awo a tsayar da ranakun shigar shanu, ƙona ciyawa da buɗe tafkuna. Na Mayu a karanta littafin kuɗi a bainar jama'a, a ƙirga ƙararrakin da aka kawo da inda suka faru, a auna zurfin da ya rage a tafkin hutu, a zagaya alamomin burtali a ga nawa suka faɗi. Ƙa'idar da aka karya fiye da sau goma a shekara a sake duba ta, mai yiwuwa ita ce ba ta dace da wurin ba. A kuma rubuta tun yanzu abin da za a yi a shekarar da ruwa bai kai zoben da aka saba ba: wane tafki ne za a bar wa sha kaɗai, wace kanal ce ba za a buɗe ba, garke nawa mashaya za ta ɗauka a yini, da wanda zai aika wa rugage saƙo tun suna hanya kafin su iso.